Da me ake ƙera sabuwar kafaɗa?

Idan hatsarin babur a hanyar Dutse zuwa Kiyawa ya ragargaza kan ƙashin kafaɗa, ɗorin gida ba ya isa. Akan tura irin wannan majiyyaci Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wani ma sai an canja masa gaɓar.

Dunƙulen da ke maye gurbin kan ƙashin haɗin kobal da kuromiyam ne, saboda santsi da jure gogayya. Sandar da ake cusawa cikin ƙashin dantse yawanci titaniyam ce, ƙashi kan manne mata da kansa. Mazaunin dunƙulen kuwa robar foliyetilin ce da ake liƙawa da simintin ƙashi. Ita ke saurin cinyewa ko kwancewa, shi ya sa likita kan hana manomi saɓa buhun gero bayan tiyata.