Zaɓen Buɗin Farmaki a Gasar Ces

Ɗan wasan ces da ya daɗe yana shiga gasa yakan kai lokacin da zai gaji da canjaras. Yana buɗe wasa a tsanake, bai ba da kafa ba, bai samu kafa ba, a tashi kowa da rabin maki. A gasar da ake bin tsarin Siwis, inda kowane zagaye ake haɗa waɗanda makinsu ya zo daidai, rabi-rabin nan ba ya kai mutum ga kyauta. Mai son ya fito a sahun gaba bayan zagaye bakwai ko tara dole ya ci yawancin wasanninsa. Daga nan ne tunanin sauya buɗi yake zuwa, a nemi wanda zai hargitsa allo tun da wuri.

Abubuwan da ke sa buɗi ya yi zafi sanannu ne. Dakarun tsakiya su ci juna da wuri har layuka su buɗe wa manyan 'ya'ya. Ɓangare ɗaya ya riga ɗaya fito da dawakai da giwaye. Ko kuma sarakunan biyu su fake a kusurwoyi dabam-dabam, kowa ya tura dakarunsa su fasa gidan ɗan'uwansa. Wani lokaci ana sayen wannan zafin da dakare guda, a bayar da shi da gangan don a samu lokaci. Irin wannan buɗin shi ake kira gambit.

Ga mai farare, babu misalin da ya fi koyarwa kamar gambit ɗin Evans, wanda wani kyaftin ɗin jirgin ruwa ɗan Wales, William Davies Evans, ya fito da shi a shekarun 1820. Bayan dakarun e4 da e5 sun fuskanci juna, dawakai sun fito f3 da c6, giwaye sun tsaya c4 da c5, sai mai farare ya jefa dakare b4 a bakin giwar abokin karawa. Giwa ta ci. Ya kore ta da c3, sannan ya buga d4. Dakare ɗaya ya tafi, amma tsakiyar allo ta zama tasa, sarauniya ta samu hanyar b3 inda za ta haɗu da giwa su matsa wa gidan f7, wurin da ya fi rauni a gefen sarkin baƙaƙe, ɗaya giwar kuma tana iya zama a a3 ta hana sarkin fakewa. Kowane taku yana da dalilin da ido ke gani, shi ya sa mai koyo yake saurin kama shi. Kuma ba kayan tarihi ba ne kawai: a Riga a 1995 Garry Kasparov ya doke Viswanathan Anand da shi cikin taku 25. Sai dai tun zamanin Emanuel Lasker aka san maganinsa, wato mai baƙaƙe ya mayar da dakaren ya nemi a yi musayar sarauniyoyi. Duk mai son Evans sai ya shirya wa wannan wasan mai sanyi ma.

Gambit ɗin Sarki, inda ake ba da dakaren f4 a taku na biyu, ya fi shi suna. Da shi Boris Spassky ya ci Bobby Fischer a Mar del Plata a 1960. Amma yana yaye wa sarkin mai farare rufi tun wasa bai yi nisa ba, kuma ban ga dalilin da zai sa mai neman maki a gasa ya fara da shi ba alhali ga buɗin Scotch, wanda ke fasa tsakiya da d4 a taku na uku ba tare da an yi asarar komai ba. Kasparov ya farfaɗo da Scotch ɗin a karawarsa da Anatoly Karpov a 1990.

Wajen mai baƙaƙe ne zaɓin yake da tsada. Kowa kariyar Sisiliya yake ambata, wato amsa e4 da c5, kuma a cikinta reshen Dragon ya fi jan hankalin matasa. Giwa tana zama a g7 tana kallon dogon layi har kusurwar allo. Mai farare yakan kai sarkinsa ɓangaren sarauniya, ya turo dakaren h yana neman buɗe layi a kan sarkin baƙaƙe, shi kuma mai baƙaƙe ya jera hasumiya a layin c, sau da yawa har ya ba da ita a ci dokin c3 don ya rusa katangar sarki. Tsere ne, wanda ya makara da taku ɗaya ya mutu. A Mosko a 1974 Karpov ya gama da Viktor Korchnoi a wannan reshe cikin taku 27, da shirin da ya yi tun daga gida. A 1995 kuma, a New York, Kasparov ya ɗauko Dragon ɗin ba zato ya ci Anand wasa biyu da shi a karawar kambun duniya. Duka biyun aikin gida ne ya yi hukunci. Haka reshen Najdorf yake, ko ma ya fi: Fischer, wanda ya san shi kamar yunwar cikinsa, ya sha kashi a cikinsa a wasa na 11 a Reykjavik a 1972, lokacin da Spassky ya zo da sabon taku.

Abin da nake so mai karatu ya auna ke nan kafin ya zaɓa: awa nawa yake da su a mako na zaman nazari? Ɗalibi ko ma'aikacin da ke wasa a ƙarshen mako ba zai iya riƙe rassan Najdorf masu kai taku ashirin a ka ba, kuma a buɗi irin wannan mantuwa ɗaya ta isa. Gara ya ɗauki abin da ya fahimci manufarsa, ko da an fitar da shi daga abin da ya haddace zai san inda 'ya'yansa za su.

Sannan abokin karawa ma yana da nasa zaɓin. Ka kwana kana haddar Dragon, ya buga c3 a taku na biyu, duk shirin ya tashi a banza. A Landan a 2000 Vladimir Kramnik ya tare Kasparov da kariyar Berlin, inda sarauniyoyi ke barin allo a taku na takwas, har aka gama karawar Kasparov bai ci wasa ko ɗaya ba, kambun ya tafi. In an iya hana Kasparov farmaki, kowa ma ana iya hana shi. Don haka rabin lokacin shiri ya kamata ya tafi ga hanyoyin kaucewa, domin a ƙananan gasa su aka fi haɗuwa da su.

Sabon buɗi kuma ba a fara gwada shi ranar gasa. A buga shi da yawa a wasannin sauri, a kulob ko a intanet, a duba kowane wasa da kwamfuta a ga inda aka kauce, a bi wasannin gwanayen da suka shahara da shi daga farko har ƙarshe. A haɗa da warware matsalolin tarko kullum, domin matsayi mai zafi yana cin agogo, kuma wanda bai saba lissafi da sauri ba zai tarar mintunansa sun ƙare tun kafin taku na talatin.