Wace taya ta dace da keken Cadawa?

A gasar Olamfik, masu tsere a filin katako suna hawan keke marar giya, wilinsa na baya faifai ne na kabon, tayarsa siririya, milimita 23 zuwa 25. Wannan taya sai ƙasa mai santsi.

A Cadawa kuwa, da zarar ka bar kwaltar Maradi zuwa Agye, sai rairayi da ƙayar aduwa. Siririyar taya nutsewa take yi, iskar hunturu kuma takan ture faifan. Nemi taya mai faɗin milimita 38 ko fiye, mai kaurin roba. Duba lambar da ke gefen tsohuwar tayarka don sanin girmanta kafin ka sayi sabuwa, kada kuma ka cika wa sabuwar iska tam.