"Zamna" ko "zauna": wace ce ta asali?

Duk mai kai albasar Galmi Kano, ko mai saro atamfa a Kantin Kwari, ya san da wannan: da ka ce "biyat" ko "zamna", sai wani ya yi murmushi, wai Hausarka ta ƙauye ce. Abin har ya kai wasu yaranmu na Ƙonni, Malbaza da Illela suna jin kunyar maganar iyayensu. To jama'a, masana harshe ba haka suka gani ba.

Bari mu ɗauko misali daga Turai. A arewacin Holan da wani yanki na Jamus akwai harshen da ake kira Firisanci. Masu jin sa ba su kai miliyan ɗaya ba, amma in an cire tsibirin Birtaniya, babu harshen Turai da ya fi shi kusa da Ingilishi. Kakanninsu maƙwabta ne a bakin teku ɗaya, kafin wasu ƙabilu su ƙetara Ingila a ƙarni na 5. Har yau kamar tana nan: cuku a Ingilishi "cheese" ne, a Firisanci "tsiis", alhali mutanen Holan "kaas" suke cewa. Sai dai a 1066 mayaƙa daga Faransa suka ci Ingila, kalmomin Faransanci suka cika Ingilishi, shi kuma Firisanci ya yi ta aro daga harshen Holan. Yau ƴan'uwan biyu ba sa jin juna.

Hausa ma tana da irin wannan ƴar'uwa, wato Gwandara, wadda ake ji a jihar Nasarawa da kewayen Abuja a Najeriya. Tarihin baka ya ce daga Kano Gwandarawa suka fito. Da suka daɗe cikin wasu ƙabilu, maganarsu ta rikiɗe ta zama harshe mai zaman kansa.

Mu da Kanawa ba mu kai nan ba, kuma ku ƴan kasuwa kuna da hannu a ciki. Fatake da ƴan ci-rani ba su taɓa barin hanya ta mutu ba, shi ya sa mai tumatir a kasuwar Laraba ta Ƙonni take ciniki da Bakano ba tafinta.

Amma wa ya fi riƙe tsohuwar magana? A 1928 wani masani Bajamushe, August Klingenheben, ya nuna yadda wasu baƙaƙe suka narke a ƙarshen gaɓa. Inda muke cewa zamna, amre, samrayi, abduga da tabshi, Kano ta koma zauna, aure, saurayi, auduga da taushi. Namu ne na dā. Haka "biyat" ta girmi "biyar", "ɗiya" kuma ta girmi "ƴa". Ke nan Hausar Adar, Ƙonni, Gobir da Sakkwato ba gurɓatacciya ba ce.

Ta Kano ita ma ba kuskure ba ce, sa'a ta yi. A kanta aka gina rubutun boko, da irinta aka buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya tun 1939, sannan rediyo da finafinan Kano suka kai ta kowane gida.

Me ya sa muka tado zancen? A watan Maris na 2025 dokar sake gina ƙasa ta mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar. Idan aka tashi rubuta littattafan lakwal, kalmominmu za su shiga ne in muna faɗar su. Firisawa, duk da ƙarancinsu, ana koya wa yaransu harshensu a makaranta, domin ba su yar da shi ba.

Saboda haka iyaye mata, a kasuwa ku yi ciniki da Hausar da mai saye ke ji. Amma in ɗiyarki ta ce "zamna", kada ki gyara mata. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.