Wasan yara da ya zama makarantar sojoji

Kwanan baya wata baiwar Allah mai sayar da kayan miya ta tare mu a bakin kasuwa, salula a hannu, idonta ya yi ja. Ta ce: "Malam, ku da kuke gidan rediyo, don girman Allah ku dubi wannan ku faɗa mini gaskiya." Bidiyo ne aka turo mata ta WhatsApp. Dare ne, harsasai na tashi sama kamar ana watsa garwashi, can sai ga wani jirgi ya kama da wuta ya rikito ƙasa. Wanda ya turo ya rubuta cewa a fagen daga aka ɗauka. Ita kuwa ɗanta na fari soja ne, kwana tara ba ta ji muryarsa ba. Ranar nan ko tattasai ɗaya ba ta sayar ba, ƙanwarta ta bar wa tebur.

Mun kalla sau uku, mu ma gabanmu ya faɗi. Sai da muka nuna wa yaron da ke haɗa mana sauti a wurin aiki, ya duba ya yi murmushi ya ce: "Ai wannan Arma 3 ne, wasan kwamfuta ne." Da muka koma muka shaida mata, ba ta yarda nan take ba. Ta ce: "Wane irin wasa ne zai yi kama da yaƙi haka?"

Tambayar tana kan hanya. Kamannin nan ba banza ba ne. Wasannin da ƴaƴanmu ke kashe ƴan canjinsu a kai a rumfunan PlayStation, da na'urorin da manyan ƙasashe ke horar da sojoji da matuƙan jirgi da su, da yawansu uwa ɗaya uba ɗaya suke.

Mene ne injin wasa?

Ku ɗauki injin niƙa na unguwa. Yau a zuba masa gero, anjima masara, gobe wake na ƙosai. Abin da ake zubawa ne ke sauyawa, injin yana nan yadda yake. To, wasan bidiyo ma yana da nasa injin, sai dai ba na ƙarfe ba ne, tsari ne da aka rubuta wa kwamfuta. Shi ke zana ƙasa da sama, da rana da inuwa. Shi ke lissafa yadda dutse zai faɗo in an jefa shi, da yadda mota za ta kife in ta shiga kwana da gudu, da yadda ƙara za ta zo wa kunne daga dama ko daga hagu. Shi ne kuma ke haɗa mutum ashirin ko talatin a fili ɗaya alhali kowa na zaune gaban tasa kwamfutar. Gina irin wannan inji yana cin shekaru da dukiya mai yawa. Amma in an gama shi, mai son wasan ƙwallo ya zuba ƙwallo, mai son dodanni ya zuba dodanni. Soja kuma ya zuba tankar yaƙi da taswirar garin da za a tura shi.

Sanannen cikinsu shi ne Unreal, na kamfanin Epic Games na Amurka, wanda ya fito a 1998. Da shi aka yi Fortnite da yara ke bugawa. Tun 2015 kowa na iya sauke shi a intanet kyauta. Akwai kuma Unity, wanda aka fara a ƙasar Danmak a 2005, da shi ake yin wasanni da dama na cikin salula.

Daga wurin shaƙatawa zuwa bariki

Tun kafin kwamfuta abin ya faro. A 1929 wani Ba'amurke mai suna Edwin Link ya ƙera wani akwati mai siffar ɗakin matuƙin jirgi, yana karkata yana juyawa da ƙarfin iska. Mahaifinsa yana da masana'antar kayan kiɗa, daga can ya samo zugazugan da ke motsa akwatin. Da farko sojoji ba su kula shi ba, masu wuraren shaƙatawa ne suka saya, ana biya ana hawa kamar lilo. Sai a 1934 aka ɗora wa sojojin sama na Amurka aikin jigilar wasiƙu, matuƙa da dama suka mutu cikin hazo da duhu don ba su iya tuƙi da agogunan jirgi kawai ba. Nan ne hukuma ta sayi akwati shida. Lokacin yaƙin duniya na biyu an ƙera fiye da 10,000, kuma matuƙa kusan rabin miliyan sun koyi aiki a cikinsu.

A 1980 kamfanin Atari ya fitar da wasan tankar yaƙi mai suna Battlezone, sojojin ƙasa suka nemi a gyara musu shi don masu harbi a motar yaƙin Bradley. Wannan bai je ko'ina ba. Wanda ya yi tashe shi ne na 1996, lokacin da wasu sojojin rundunar Marines ta Amurka suka ɗauki wasan Doom II, na harbin dodanni, wanda ake sayarwa a kanti, suka cire dodannin suka sa abokan gaba, suka sa ramukan ɓuya da waya mai ƙaya. Mutum huɗu ke shiga tare, kamar yadda ƙaramin rukuninsu yake a daji. Ba harbi ake koyo ba, don danna maɓalli ba ya koya wa kowa riƙe bindiga. Magana ake koyo: wa zai ba da umarni, wa zai tsare wa wani baya, yaya za a kauce wa harbin ɗan uwa cikin ruɗani.

Ɗan kasuwa zai gane dalilin tun kafin a gaya masa. Fitar da rundunar soja daji atisaye na cin mai, da harsashi, da tayoyi, da abinci, wani lokaci har da rai. A kwamfuta kuwa in ayarin motoci ya taka nakiya, sai a dawo da shi farko a sake, sau goma a yini ɗaya, a kuma zauna a sake kallon abin da ya faru a ga inda aka yi kuskure.

Inda muke da ja

Ranar 4 ga Yuli 2002 rundunar sojan Amurka ta fitar da wasanta na kanta, America's Army, wanda aka gina a kan injin Unreal. Kyauta aka raba shi. Kuma ba su ɓoye manufa ba: jawo matasa su shiga soja. Miliyoyin mutane sun yi rajista. Daga bisani aka yi amfani da ginin wasan wajen koyar da ainihin makamai, irin su makamin Javelin mai fasa tanka. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam a can Amurka sun yi ta ƙorafin cewa ana tallata yaƙi ga yaran da ba su kai shekarun shiga soja ba. Mu ma a nan muke da ja. Horar da wanda ya riga ya sa kaki abu ne daban, nuna wa ɗan shekara 14 yaƙin da ba a jin warin jini a cikinsa abu ne daban. An rufe wasan a intanet a watan Mayu 2022, bayan shekara 20.

Yanzu mu zo kan dangin bidiyon baiwar Allah nan. A 2001 wani ƙaramin kamfani na ƙasar Cek, Bohemia Interactive, ya fitar da wasan Operation Flashpoint. Filinsa faɗi gare shi, harsashi ɗaya na iya kashe ka, sojoji suka ga ya fi sauran kama da gaskiya. Daga injinsa aka ƙera VBS, na'urar horo da Marines na Amurka da sojojin Ostareliya suka fara ɗauka, daga baya rundunonin ƙasashe masu yawa suka bi. Sai gida ya rabu biyu. Ɓangaren wasa ya ci gaba da yin jerin wasannin Arma don jama'a, har Arma 3 a 2013. Ɓangaren soja ya zama kamfani mai zaman kansa, kuma a 2022 babban kamfanin makamai BAE Systems ya saye shi a kan dalar Amurka miliyan 200. Dalar Amurka fa muka ce, ba dalarmu ta kasuwa ba.

Sama da ƙarƙashin teku

Alhazai da ƴan kasuwa masu zuwa Jidda da Dubai, matuƙin da ke ɗauke da ku ya sha ganin injin jirgi ya kama da wuta, ya sha sauka cikin guguwa, amma duk a cikin na'urar kwaikwayo. Galibi duk wata shida sai ya koma an gwada shi. Manyan na'urorin nan masu tsayawa kan ƙafafun ƙarfe suna cin miliyoyin daloli, shi ya sa aka nemi mai sauƙi don masu fara koyo. Wasan Flight Simulator na Microsoft ya fito tun 1982. A 2009 kamfanin Lockheed Martin, mai ƙera jiragen yaƙi, ya sayi haƙƙin ginin da aka cire daga wasan, a 2010 ya fitar da shi da sunan Prepar3D don makarantun tuƙi da rundunoni.

Har abin riƙewar ma an ara. A 2018 Amurka ta ƙaddamar da jirgin yaƙi na ƙarƙashin teku USS Colorado, ana juya idon leƙensa da abin bugun wasan Xbox. Wanda ake amfani da shi da farko ya kai dala 38,000, wato sama da sefa miliyan 20. Na Xbox kuwa dala 30, bai kai jika 20 ba. Ga shi kuma matasan sojoji sun saba da shi tun suna gida, cikin mintoci suke ganewa.

Masu zuwa sararin samaniya ma haka. Hukumar NASA ta gina tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa cikin injin Unreal, mai koyo ya sa tabarau ya ga kansa a ciki. A 2020 kamfanin Boeing ya sanar cewa matuƙan kumbonsa Starliner za su yi horo da irin wannan tabarau, tun daga tashi har sauka. Sai dai ku ji ƙarshen labarin. A watan Yuni 2024 kumbon ya ɗauki mutum biyu, Butch Wilmore da Suni Williams, da niyyar kwana takwas. Wasu ƙananan injunansa suka ba da matsala, aka dawo da shi babu kowa a ciki, su kuwa sai a watan Maris 2025 suka dawo duniya a kumbon wani kamfani. Horon ya taimaki mutanen, amma bai gyara ƙarfen ba.

Hakan yake ga soja. Kwamfuta ba ta sa ƙishirwa, ba ta ɗora wa mutum kilo talatin a baya cikin zafin bazara, kuma wanda ya san zai tashi in an harbe shi ba ya jin tsoron da ke kama ƙafa. Su kansu masu horarwar suna ɗaukar abin a matsayin share fage kafin a fita fili.

Akwai wani amfani da ya fi burge mu. A jami'ar Kudancin Kalifoniya, wani masanin halayyar ɗan Adam, Skip Rizzo, ya ɗauki hotunan wasan Full Spectrum Warrior ya haɗa Virtual Iraq, don jinyar sojojin da suka dawo daga Iraƙi da firgita da rashin barci. A gaban likita ake mayar da mutum titin da abin ya same shi, kaɗan kaɗan, har ya iya ba da labarin ba tare da jikinsa ya ɗauki rawa ba. An kuma yi Tactical Iraqi a kan injin Unreal, inda soja ke koyon Larabcin Iraƙi da gaisuwa: in ya shiga wurin dattijo bai yi sallama yadda ya kamata ba, dattijon cikin kwamfuta sai ya ƙi ba shi haɗin kai.

Yadda za ku gane na bogi

Ba ƴar kasuwarmu kaɗai aka ruɗa ba. A 2011 tashar talabijin ITV ta Ingila ta nuna wani yanki na Arma 2 a matsayin ƴan tawayen IRA na harbo jirgi mai saukar ungulu, daga baya ta nemi gafara. A 2021 wasu tashoshin Indiya sun nuna Arma 3 suka ce harin sama ne a kwarin Panjshir na Afganistan. An sake yin haka da yaƙin Yukren a 2022 da na Gaza a 2023. Abin ya ishi kamfanin Bohemia har ya fitar da sanarwa a ƙarshen 2022 yana bayyana alamomin da za a duba.

Yawancin irin waɗannan bidiyo da dare ne ko cikin duhu, don duhu na ɓoye aibi. Hoton dishi-dishi yake, alhali ko ƙaramar salula ta yau tana ɗaukar hoto garau. Kyamara na rawa fiye da kima. Za ku ga jirage da motoci da wuta, amma da wuya ku ga mutum yana tafiya kusa, saboda tafiyar ɗan Adam ce ta fi wuyar kwaikwayo. Hayaƙi da ƙura kan tashi iri ɗaya, su watse iri ɗaya. Wani lokaci ma a gefen hoton akwai ƴan lambobi na lissafin harsashi da aka manta ba a yanke ba. Ku saurari sauti kuma: inda ake yaƙi na gaske akwai ihu, da salati, da numfashin mai ɗauka.

Mun zauna da baiwar Allah nan a bayan teburinta muka bi alamomin ɗaya bayan ɗaya a salularta. Huɗu muka samu. Ta goge bidiyon, amma kafin nan ta riga ta tura wa mata goma sha ɗaya na ƙungiyar adashinsu, uku daga cikinsu su ma ƴaƴansu na cikin kaki. Sai da ta kira su ɗaya ɗaya. Ɗan nata kuwa ya bugo bayan kwana biyu, ashe inda suke ne babu layi.