Me ya sa gaz ba ya kamawa sai an ƙyasta ashana?

Ƴan uwa ɗalibai, ku lura da murhun gaz: ko an buɗe shi, ga gaz ga iska, amma wuta ba ta tashi sai an kawo ashana. Amsar tana cikin darasin sinadarai, a babin ƙarfin ɗauri.

Kowane abu an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi da ake kira atom, kuma ɗauri ne ke riƙe su da juna. Ƙarfin ɗauri shi ne yawan makamashin da ake buƙata kafin a tsinke shi, ana auna shi da kilojul (kJ) a kowane mol. To, ga ƙa'idar da ke kayar da ɗalibai a jarrabawa: tsinke ɗauri cin makamashi yake yi, ƙulla sabo shi ke fitar da zafi. Da yawa sukan juya ta.

Mu ɗauki metan (CH₄), gaz ɗin da ke fita daga ruɓaɓɓen kashin shanu. In zai ƙone, sai an tsinke ɗaurin C–H guda 4, kowane kJ 413, da na O=O guda 2, kowane 498. Jimla 2648 ke nan. Daga nan sai sababbi su ƙullu: C=O guda 2 a cikin CO₂, kowane 799, da O–H guda 4 a cikin tururin ruwa, kowane 463. Jimla 3450. Kun ga an kashe 2648, an samu 3450, riba ta zama kJ 802 daga giram 16 kacal na metan. Da ba a asarar zafi, wannan ya isa ya kai lita biyu da rabi na ruwa ga tafasa.

Ashana kuwa ita ce jarin farko. Ita ke tsinke ɗaurin fari, zafin da ya fito sai ya tsinke na gaba, haka dai har gaz ya ƙare.

Wani ɗaurin kuma ya fi wani tauri. C–C kusan 348 ne, C=C 614, na uku-uku 839. Na naitirojin (N≡N) ya kai 945, shi ya sa iskar nan, wadda ita ce kashi 78 cikin 100 na abin da muke shaƙa, ba ta kama wuta. Masu haɗa takin zamani ma sai sun sa zafi sama da digiri 400, da matsi mai yawa, da taimakon ƙarfe, kafin su raba ta.

Saboda haka, in kun ji warin gaz a ɗaki, kada ku ƙyasta komai, kada ku taɓa makunnin lantarki. Ƙyalli ɗaya ya isa jari. Ku rufe tukunyar, ku buɗe ƙofa da taga, ku fita waje. A gaya wa iyaye da ƙanne a gida.