Sakata da Siffa: Yadda Ake Motsa Zane a Kwamfuta

Duk manomin rani a fadamun Rogo, ko a bakin madatsar ruwan Challawa ta Karaye da aka gama a 1992, ya san ɗan ƙarfen nan na injin ban-ruwa. In ya tura shi injin ya ƙara wuta, in ya janyo ya lafa, domin an haɗa shi da mashigar mai. Bisa wannan ƙa'ida ake motsa zane a kwamfuta.

Kowane abu da aka zana yana da siffofi da ake aunawa da lamba, watau kamar tsawo, da juyi, da buɗewar baki. A gefen allo kuwa akwai 'yar sakata da ake ja. Mai rubuta umarni, da harshen MEL a manhajar Maya ko Python a Blender, shi ke ƙulla su, bisa sharuɗɗa uku. Na farko, ya ambaci sunan abin da siffarsa daidai. Na biyu, ya yanka iyaka, alal misali lanƙwasar gwiwa daga digiri 0 zuwa 140, in ba haka ba ƙafa ta karye. Na uku, in siffa ta sāke ta wata hanya, lalle sakata ta bi ta, kada ta yi wa mai zane ƙarya.

Woody, tauraron fim ɗin Toy Story na 1995, da irin waɗannan mahaɗai 723 aka motsa shi, 212 a fuska kaɗai. Saboda haka ɗalibin da ke son raya Gizo da Ƙoƙi a allo, sai ya fara ƙwarewa a ƙulla sakata ɗaya.