Bayani a Kan Girman Akwatin da Ya Kamaci Manyan Kifaye Masu Farauta

Maganar yau a kan kifin ado ta ke, watau wanda a ke ajiyewa da rai cikin akwatin gilashi domin kallo. A cikinsu akwai manya masu cin 'yan'uwansu, waɗanda a ke sayarwa tun ba su wuce tsawon yatsa ba. Mai saye ya kan dubi ɗan kifin, ya zaɓa masa akwati daidai da abin da idonsa ya gani, daga nan kuwa asara ta ke farawa, ta kuɗi da ta rai. Abin da ya wajaba shi ne a yi awo da girman da kifin zai kai bayan shekara biyu ko uku.

Fasali na farko: asalinsu da girmansu

Waɗannan kifaye dangin karfasa ne, wadda waɗansu ke kira gargaza. Masana suna kiran dangin duka sikilid, sun kuwa ƙidaya musu iri fiye da 1,500, a ruwayen Afirka da na Amurka ta Kudu da ta Tsakiya. Karfasar da masunta suka sani gansakuka ce yawancin abincinta, amma huɗun da za a ambata nama su ke ci.

Na farko shi ne oska, ɗan Kogin Amazon, wanda Louis Agassiz ya fara rubuta sifarsa a 1831. A kan sayar da shi yana santimita 5. A shekararsa ta farko ya kan ƙaru da kamar inci guda kowane wata, ya tsaya tsakanin santimita 30 da 35, ya kuma rayu shekara 10 ko fiye. Na biyu jaguwa, mai dabbare-dabbare kamar damisa, daga ƙasashen Honduras da Nikaragwa da Kosta Rika. Namijinsa ya kan kai santimita 40. Na uku dobi, wanda Turawa ke kira kyarkecin kifi, daga waɗannan ƙasashe shi ma. Ya kan haura santimita 60. Na huɗu tukunare na ƙasar Barazil, wanda babban irinsa ke kusantar mita guda, nauyinsa ya zarce kilo 10.

Fasali na biyu: ƙa'idar awo

Ƙa'idar da masu kiwo suka saba bi ita ce, tsawon akwati kada ya gaza tsawon kifin sau huɗu, faɗinsa kuwa kada ya gaza sau ɗaya da rabi. Wannan shi ne mafi ƙaranci, ƙari a kansa alheri ne. Hisabin ruwan kuma mai sauƙi ne: a ɗauki tsawo sau faɗi sau zurfi da santimita, a raba da 1,000, abin da ya fito shi ne lita.

Oska guda mai santimita 30 yana bukatar tsawo 120 da faɗi 45. In zurfin 50 ne, lita 270 ke nan, watau kusan jarka 11 mai lita 25. Jaguwa namiji ya fi dacewa da akwati mai ƙafa 6, tsawo 180, faɗi 60, zurfi 60, lita 648, fiye da duro uku. Dobi mai santimita 60 yana neman tsawo 240 da faɗi 90. Da zurfin 60 ruwansa lita 1,296 ne. Amma babban tukunare ba na ɗaki ba ne, sai tafki ko babban kwamin siminti.

Faɗi shi ne abin da aka fi mantawa. A Amurka akwai akwatuna biyu sanannu, mai galan 55 da mai galan 75. Tsawonsu ɗaya ne, inci 48, amma na farko faɗinsa inci 13, na biyu inci 18. Oska da ya kai inci 13 ba zai juya cikin na farko ba sai ya lanƙwasa jikinsa, haka zai yi ta yi kullum har ƙarshen ransa. Zurfi kuwa ba ya rama ƙarancin faɗi. Iskar da kifi ke shaƙa ta fuskar ruwa ta ke shiga, saboda haka akwati mai shimfiɗa kamar daro ya fi dogo mai ƙaramin baki kamar tulu, ko da ruwansu ɗaya ne.

Fasali na uku: dalilin yawan ruwa

Akwai wata magana da ta yaɗu, wai kowane inci na kifi galan guda ya ishe shi. Wannan lissafi na ƙananan kifaye ne. Idan tsawon kifi ya ninka, kaurinsa da tsayinsa su ma suna ninkawa, nauyinsa ya tashi sau takwas. Oska da ya tashi daga santimita 5 zuwa 30 tsawonsa ya ninka sau shida, nauyinsa kuwa shida sau shida sau shida, watau kamar sau 216. Ƙazantarsa kuma nauyi ta ke bi.

Kifi mai cin nama yana fitar da wani dafi ta wurin numfashinsa, ana kiransa amoniya. A cikin matatar ruwa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ke juya wannan dafi har ya zama wani abu mai sauƙin cuta, naitaret. Kafin su yi yawa a sabon akwati sai mako huɗu zuwa shida. Shi naitaret kuwa taruwa ya ke yi, ba ya fita sai an kwashe ruwa an zuba sabo. A kan canja kamar sulusi kowane mako, watau lita 90 a akwatin oska. Ruwan famfo mai maganin kulorin sai an kashe maganin tukun, gama yana hallaka kifin da waɗancan halittu.

Ruwa mai yawa yana jinkirin ɓaci, yana jinkirin ɗaukar zafi da sanyi. Waɗannan kifaye sun fi son ma'aunin zafi 24 zuwa 28. In lantarki ya ɗauke da rana cikin bazara, matata ta tsaya, ruwa mai ɗumi kuma bai cika riƙe iska ba. Ƙaramin akwati shi zai fara kashe abin da ke ciki. Haka kuma a daren hunturu shi zai fara sanyi.

Waɗansu kan ce kifi yana tsayawa daidai girman akwatinsa. Gaskiya ne girmansa ya kan tauye, amma tauyewar ciwo ce. Ruwa ba ya tsami banza. Oska da ya daɗe cikin ƙazamin ruwa ya kan sami wata cuta mai huda ramuka a kansa, ya daina cin abinci, ya mutu kafin rabin kwanansa.

Fasali na huɗu: faɗa da nauyi

Adadin da aka ambata duka na kifi guda ne. Waɗannan iri masu kishin fili ne, kowane yana tsare wurinsa. A kogi wanda aka rinjaya ya kan gudu, a akwati kuwa ba mafaka. Oska biyu suna bukatar akwati mai ƙafa 6. Namijin dobi ko na jaguwa ya kan kashe matarsa dare ɗaya in ba ta shirya ƙwai ba, don haka masu kiwo ke ajiye shinge mai ƙofar da mace ce kaɗai ke iya wucewa. Duk kifin da zai shiga bakinsu kuwa abinci ne.

Sa'an nan a tuna lita guda ta ruwa kilo guda ce. Akwati mai lita 648 nauyin ruwansa kaɗai ya kai buhun siminti 13, ban da gilashi da yashi da duwatsu. Irin wannan yana son gilashi mai kaurin milimita 12, da murfi mai nauyi domin suna tsalle, da teburin ƙarfe a kan daɓen da ya daidaita. Teburin da ya karkata shi ke tsaga gilashi.

Fasali na biyar: gargaɗi ga mai saye da mai sayarwa

Wanda kifi ya fi ƙarfin akwatinsa ya kan yi tunanin zuba shi cikin kogi. Wannan ɓarna ce babba. Wajen 1967 wani irin tukunare ya shiga Tafkin Gatun na ƙasar Fanama; cikin 'yan shekaru masana suka tarar ƙananan kifayen wurin sun yi ƙaranci ƙwarai, waɗansu iri sun ɓace daga inda ya mamaye. Oska da jaguwa su ma sun zauna a magudanan ruwan Fulorida ta Amurka, alhali ba ƙasarsu ba ce. Wanda ya kasa riƙo, sai ya mayar wa mai kanti ko ya ba wanda ke da wuri.

Mai sayarwa kuwa ya faɗa wa mai saye iyakar girman kifin da adadin ruwansa tun kafin a karɓi kuɗi. Yin shiru a kan wannan daidai ya ke da ɓoye aibin haja, ciniki ne na rana ɗaya mai korar abokin ciniki na shekaru. Mai saye kuma ya fara auna bangon ɗakinsa, ya ƙidaya jarkar da zai iya ɗauka kowane mako har shekara goma, kana ya je kasuwa. In wurinsa bai kai santimita 120 ba, akwai ƙananan iri masu kyau da za su wadatu da shi. Wanda ya tsare rai a cikin gilashi, ci da shan wannan rai da sararinsa duka a wuyansa su ke. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.